Ƙarangiya a Ƙofar Hudu

Tsohuwar da ke da gidan ce ta fara ganinsa, da safiyar wata Litinin a kakar shekarar 1981, sa'ad da ta zagaya baya za ta zubar da shara. Hudu na kwance a gindin matakalar katakon da ke hawa ɗakinsa, ƙeyarsa a fashe, ruwan da aka yi jiya ya jiƙa shi sharkaf. Wani ya lulluɓe masa fuska da sallayarsa.

Sallayar nan ce ta hana Hausawan Greensboro, a Amurka, sukuni. Ba su da yawa a lokacin, ɗaki ɗaya suke cikawa ranar Juma'a, kowa ya san tarin kowa. Da zamewa Hudu ya yi, ba zai rufe fuskarsa da kansa ba. Da ɓarawon unguwa ne, me ya haɗa shi da sallaya? Wanda ya yi wannan aiki ya san Hudu, ya kuma kasa kallon fuskarsa. Kafin la'asar mutane sun fara gaisawa sama-sama, suna satar kallon juna, kuma suna ɗaya ne ke yawo a bakuna: Ɗantala.

Ɗantala direban tasi ne, mutumin Maraɗi, yakan kuma yanka raguna a wata gona ya sayar wa jama'a nama. A Juma'ar makon jiya Hudu ya miƙe bayan salla, a gaban kowa, ya ce naman da Ɗantala ya kawo na kanti ne, ba yankan Musulmi ba. Sai da aka rirriƙe Ɗantala. Kowa ya ji abin da ya faɗa: "Za ka san ka taɓa ni."

Maikano dai bai bi sahun masu zargin ba. Shi ne aminin Hudu, tare suke tuƙa tuwon garin semo duk ƙarshen mako. Yana karatun digiri na uku a kan ciyayin da ke ɓata gonaki, amma tun kafin ya san boko ya san sawu. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne a dajin Ɗansadau, kuma da shi yake shiga daji. Saboda haka da 'yan sanda suka gama aikinsu suka ɗauke gawa, sai ya tafi unguwar Glenwood ya roƙi tsohuwar ta bar shi ya ga bayan gidan.

Takalman 'yan sanda sun dame tsakar wurin, jar ƙasar ta koma kamar kwaɓin gini. Amma ta lungun shinge babu wanda ya bi. Nan ya tsuguna. Ya ga sawun babban takalmi mai faɗi, irin wanda Ɗantala ke sawa in zai je gona, sai dai ɗigon ruwa ya farfasa cikinsa. An yi shi kafin ruwa ya sauko. Kusa da shi akwai wani sawun, na takalmin fata mai santsi, gefensa a tsaye cas, an taka shi ƙasa tana jiƙe. Mai shi ya shigo a hankali, yana tsayawa kamar mai shawara da zuciyarsa. Da zai fita a guje ya fita, kan yatsu. Ƙafarsa ta hagu tana karkata ciki, kuma yana jan diddige kaɗan kafin ya ɗaga.

* * *

Maikano ya iske Ɗantala zaune cikin tasinsa a gefen tashar bas, injin a kashe. Tun safe babu Bahaushen da ya amsa masa sallama.

"Bon, kai ma ka zo ka ce ni ne?"

"Na zo in tambaye ka me ka je yi gidansa ranar Lahadi."

Ɗantala ya daɗe yana kallon sitiyari. "Cinyar rago na kai mishi. Da hannuna na yanka, na so ya gani da idonsa. Ya karɓa, muka yi musabaha. Ya ce min, Ɗantala, bakina ne ba ya iya riƙe magana, ka yafe ni. Ko ruwa ba a fara ba na baro shi." Ya juyo ya kalli Maikano. "An kira ni kwamisariya, wajen 'yan sanda, da safe, an ce in koma jibi. Takarduna na zama sun mutu tun bara, Malam Maikano. In suka riƙe ni, wa zai tsaya min?"

"Ya ce maka yana jiran wani?"

"A'a. Amma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ya ce gobe Alhaji Garzali ya kira shi cin abinci, shi kuma da ya samu hanya da bai je ba."

* * *

Alhaji Garzali attajiri ne daga Kano. Duk shekara yakan zo sayen kujeru da gadaje a kasuwar High Point, ya kama gida guda a Sedgefield, gefen filin wasan golf. A wannan zuwan ya ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai kujeru kaɗan, ya kwashi mutanensa zuwa bakin teku a Wilmington, su huta daga Juma'a zuwa safiyar Litinin. Tafiyar da mota kan ci kusan rabin wuni, jirgin kan yi ta kafin shayi ya huce. Makonni aka yi ana zancen jirgin nan a masallaci.

Maikano ya same su a falo, jikinsu duk ya mutu. Ga Alhaji, ga 'yarsa Rumasa'u mai karatun aikin jinya, ga Dakta Lawal, malamin jami'a da ya raka su, ga kuma Surajo, ɗan ƙanin Alhaji, maraya, wanda Alhajin ya rena ya turo karatun injiniya.

"Har kujera na sa aka ajiye wa Hudu a jirgin," in ji Alhaji. "Yaro mai gaskiya. Da ya bi mu da yanzu yana nan, Allahu a'alam. Muna sauka aka tare mu da labari."

"Ranka ya daɗe, me ya sa ka kira shi cin abinci?"

"So nake in ji yadda ake bikin kammala karatu a nan. Surajo zai gama a wannan shekara, ina so in zo da mutane daga gida. Shi Surajo kunya gare shi, in na tambaye shi sai ya yi ta sunkuyar da kai."

Surajo ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Yaya Maikano, kowa ya ji abin da Ɗantala ya faɗa. Ban san me 'yan sanda suke jira ba."

Maikano ya kalli takalman da ke jere a bakin ƙofa. Sababbi ne kusan duka, na fata, masu santsi. Amma mutanen nan suna can bakin teku lokacin da abin ya faru, kowa ya sani, har 'yan sanda ba su ɓata lokaci a kansu ba.

Rumasa'u ce ta rako shi waje. "Hudu ya bugo min waya ranar da za mu tafi," ta ce a hankali. "Ya ce in ba Baba haƙuri. Wai ba zai iya zama kusa da shi a jirgi yana kallon idonsa ba. Na tambaye shi me ya faru, ya ce ba maganarsa ba ce."

"Ranar Lahadi kuna tare duk wunin?"

Ta yi ɗan tunani. "Baba ya kwanta bayan azahar, ni ina ɗaki ina karatu. Dakta ya ce zai taka bakin ruwa shi kaɗai. Yaya Surajo ya bi masu kamun kifi cikin kwale-kwale. Da magariba duk muna tare."

* * *

Washegari tsohuwar ta ba Maikano makulli ya haɗa kayan Hudu. Cinyar rago na cikin firji, a naɗe, kamar yadda Ɗantala ya faɗa. Ya ɗaure littattafai, ya ninke riguna. Da ya zo fita sai igiyar kwalin ta kwance, ya durƙusa a kan tabarmar goge ƙafa da ke bakin ƙofa. Wani abu ya soke shi a gwiwa.

Ya san wannan zafin tun kafin ya duba. Ya ciro abin daga wandonsa ya ɗora a tafin hannu: ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, ƙayoyi ta ko'ina. Ƙarangiya.

Ya tsefe tabarmar da yatsu, ya samo wasu. Ya sami wasu a maƙale jikin bargon da ke rataye a kan madogarin matakala, daidai inda mutum biyu za su yi kokawa. Ɗanyu ne, ba su gama bushewa ba.

Maikano ya zauna a kan matakala. Shekarunsa a garin nan yana bin gonaki da bakin hanyoyi yana tsintar ciyawa don karatunsa, bai taɓa ganin ƙarangiya a jar ƙasar Greensboro ba. Yashi take so. Inda ya taɓa ganinta a wannan jiha shi ne can gabas, kusa da teku, inda take cika bakin filaye tana kama ƙafar wando. Hudu bai je teku ba. Ɗantala ma bai je ba.

* * *

A ɓangaren ƙananan jirage na filin jirgin sama, Maikano ya tarar matuƙin ya tashi da wasu fasinjoji. Sai wani dattijo Bature mai zuba wa jirage mai, yana cin burodi a inuwar rumfa. Maikano ya ce shi ɗan'uwan mutanen da suka yi shatar jirgi zuwa Wilmington ne.

"Masu dogayen riguna," in ji dattijon da Turanci, yana murmushi. "Na tuna su. Sun sa jirgin nan ya sha zirga-zirga."

"Zuwa da dawowa ne kawai ai."

"A'a. Ya dawo ranar Lahadi ana tsakar ruwa, da mutum ɗaya. An ce maigidan ya manta maganinsa. Mutumin ya shiga mota ya fita, jirgi ya jira shi, ya dawo suka koma."

"Ka ga fuskarsa?"

"Da lema a kansa, ni kuma ina can ƙarƙashin fiffike. Farar riga dai, har ƙasa."

Maikano ya yi godiya. A hanyar dawowa ya yi ta lissafi. Mutum biyu ne suka ɓace wa Rumasa'u a wunin nan, dukansu masu farar riga, dukansu suna jin Turancin da za su ba matuƙi umarni da sunan Alhaji. Ya tsaya a wata rumfar waya ya kira jami'in da ke binciken, ya gaya masa abin da ya gani da inda za a taru gobe.

* * *

Alhaji ya kira jama'a addu'a a gidansa da la'asar. An yi yayyafi da safe. Maikano ya riga kowa zuwa, ya ajiye motarsa a kan 'yar hanyar siminti da ke zuwa ƙofa, ta toshe ta. Duk wanda ya zo sai ya ratsa ta kan ƙasar da aka kafce don shuka furanni. Ya tsaya a gefe kamar mai tarbar baƙi, idonsa a ƙasa.

Dakta Lawal ya wuce. Sawunsa a buɗe yake, yatsu na kallon waje, tafiyar mai ƙiba. Ɗantala ya wuce, kansa a sunkuye, ba wanda ya ba shi hannu. Can sai ga Surajo daga gidan da yake haya. Ya yi tsaki da ya ga motar, ya taka ƙasar. Ƙafar hagu ta karkata ciki, diddige ya ja ɗan layi kafin ya ɗaga.

Maikano ya daɗe yana kallon sawun. Ya so a ce ba haka ya gani ba.

Da aka shafa fatiha, wani daga baya ya ce bai kamata a bar mai jini a hannu ya zauna cikin mutane ba. Ɗantala ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, Ɗantala," in ji Maikano. Ya matsa gaban Alhaji ya buɗe hankicinsa. "Ranka ya daɗe, ka san wannan?"

Alhaji ya sa tabarau. "Ƙarangiya. Ita ta dame mu a can, tun daga filin jirgi. Har na ce ashe ta biyo mu Amurka."

"A ƙofar ɗakin Hudu na tsince ta, ɗanya. Ba ta fitowa a garin nan. A jikin rigar wani ta zo daga bakin teku, ranar Lahadi." Ya naɗe hankicin. "Alhaji, ka manta maganinka a gida da za ku tafi?"

"Maganina? Yana aljihuna kullum. Rumasa'u ce ma take ba ni."

"An gaya wa matuƙi ka manta shi. Jirginka ya dawo Greensboro kana barci, da mutum ɗaya, ya kuma mayar da shi kafin magariba."

Idanu suka koma kan Dakta Lawal, don kowa ya san shi da yawo shi kaɗai. Maikano ya girgiza kai.

"Ba Dakta ba ne. Na ga sawun mutumin a bayan gidan Hudu, na kuma sake ganinsa ɗazu a ƙofar gidan nan. Takalmin daban ne, amma tafiyar ɗaya ce." Ya juya. "Surajo, wane irin kifi kuka kama?"

Surajo ya yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Baffa, kana jin sa? Saboda ƙaya da taɓo zai ɗora min kisa?"

"Matuƙin zai dawo gobe," in ji Maikano. "Shi ya ga fuska."

Alhaji bai kalli Maikano ba. Ɗan da ya rena yake kallo. "Me Hudu ya yi maka?"

Surajo ya sunkuyar da kai. Dakta Lawal ne ya yi gyaran murya, yana murza hularsa. "Alhaji, a makarantarsu nake koyarwa. Na daɗe ban ga Surajo a harabar ba. Na yi zaton lokutanmu ne suka saɓa."

"An kore ni." Maganar ta fito daga bakin Surajo kamar an fizgo ta. "Tun shekarar da ta wuce waccan. Na faɗi jarrabawa, na sake faɗuwa. Hudu kaɗai ya sani. Na roƙe shi, Baffa, na ce in ka tambaye shi ya ce bai sani ba, kawai ya ce bai sani ba. Ya ce shi ba zai kawo maganar ba, amma in ka tambaye shi ba zai yi maka ƙarya ba. Na je ne in sake roƙonsa. Na kama rigarsa, ya fizge, na ture shi. Sau ɗaya na ture shi."

"Yana numfashi da ka sauko?" Rumasa'u ce ta tambaya daga bakin ƙofar kicin.

Surajo ya kau da kai.

"Yaya Surajo, yana numfashi?"

"Ban tsaya na duba ba. Idonsa a buɗe yake, yana kallona."

Rumasa'u ta dafe bango. "Da waya a ɗakinsa. Asibiti ba nisa." Ta juya ta shige ciki.

Wani daga cikin abokan cinikin Alhaji ya matso ya yi masa raɗa, amma falon ya yi shirun da kowa ya ji: a ɗauki shatar wani jirgi, kafin gari ya waye yaron zai iya kasancewa a wata jiha, daga nan sai gida. Alhaji ya rufe ido. Surajo ya rarrafo ya kama ƙafarsa yana kiran Baffa, Baffa.

"Da ka gaya min," in ji Alhaji, muryarsa can ƙasa, "faɗa zan yi maka, in sa ka a kanti. Shi ke nan abin da zai faru. Faɗa kawai." Ya zare ƙafarsa a hankali. "Malam Maikano, ɗan sandan da na gani cikin mota a bakin titi, naka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka ce ya shigo."

* * *

Aka binne Hudu a wata maƙabarta a bayan gari, a kusurwar da aka ba Musulmi. Ɗantala ne ya shiga kabarin ya karɓi gawar, kuma mutanen da suka ƙi ba shi hannu suka tsaya a sama suna miƙa masa itace. Alhaji bai iya tsayuwa ba, a kan kujera ya yi salla. Bai sake zuwa kasuwar kujeru ba. Surajo ya amsa laifinsa a kotu aka ɗaure shi shekaru.

Saura aiki ɗaya ya rage wa Maikano. Mahaifiyar Hudu tana wani ƙauye kusa da Gumel, babu waya, ba ta kuma karatu. Wani ɗalibi zai tafi gida a ƙarshen wata, ya ce zai kai mata saƙo. Maikano ya sayo kaset, ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa da rana tsaka, ya danna rikoda. Kaset ɗin ya yi ta juyawa, Maikano yana neman ta inda zai fara. Ya mayar da shi baya, ya sake dannawa.

"Salamu alaikum, Inna," ya ce. "Ba ki san ni ba, sunana Maikano, abokin Hudu ne. Inna, in a tsaye kike, ki samu wuri ki zauna."